MASU YIN TAKI DA ROBA DAGA MAN FETUR, DA ƘUNGIYOYINSU

Bayani ga Hakiman ƙasar Sakkwato da Malamansu

An shirya wannan bayani ne domin iyayenmu Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da kuma malamansu masu riƙe da littattafan ofis. Ko wace shekara in bazara ta kawo jiki, magana guda ce ke cika zauren Hakimi, watau maganar takin zamani. Talakawa su kan tambayi ranar da zai iso, da kuɗin buhu, da dalilin da ya sa na bana ya fi na bara tsada, wani lokaci ma su zo da buhu a kwance su nuna yashi a ciki. Hakimi ba shi ke yin taki ba, ba shi ke yanka masa kuɗi ba, amma shi a ke tambaya, domin shi talaka ya sani. Tun da ya ke haka ne, ya kamata wanda za a tambaya ya san inda abin ya fito, da hannuwan da ya bi kafin ya iso Sakkwato, da kuma waɗanda ke magana da Gwamnati a kansa.

ABIN DA A KE SAMU A CIKIN MAI BAN DA MAN MOTA

An fara samun man fetur mai yawa a Nijeriya a garin Oloibiri, can Kudu cikin fadamun bakin teku, a shekarar 1956, aka fara fita da shi waje a 1958. Yawancin mutane sun ɗauka amfaninsa duka shi ne tuƙa mota da kunna fitila. Ba haka ba ne. Ɗanyen mai haɗe ya ke da abubuwa iri iri. In an kai shi matata a kan dafa shi, ko wane iri ya tashi a nasa zafin, a ware fetur dabam, kananzir dabam, man dizal dabam, kwalta ta zauna a ƙasa. Tare da man kuma akwai iskar gas, wadda shekara da shekaru a ke ƙone ta a banza a bakin rijiyoyi. Daga wannan iska, da kuma wasu sassan man, a ke yin taki, da roba, da leda, da soson katifa, da sinadarin sabulun gari, da baƙin garin da a ke sawa cikin tayar mota. Masu wannan sana'a su ne abin maganarmu.

Mu fara da yuriya, farin takin nan mai kama da ƙanƙara. Abincin da shuka ke nema a cikinsa sunansa naitirojin, shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Abin mamaki, wannan abinci yana nan cike da sararin da mu ke shaƙa, kusan kashi 78 cikin ɗari na iska shi ne, amma gero da dawa da shinkafa ba su iya cinsa daga iska. Sai a shekarar 1909 wani masani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano yadda za a kama shi, Carl Bosch kuma ya mai da dabarar ta zama ta masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913. Ga yadda a ke yi a taƙaice. A kan gauraya iskar gas da tururin ruwa cikin zafi mai tsanani, a sami wata iska marar nauyi da a ke kira haidirojin. A haɗa ta da naitirojin na sarari, a matse su da ƙarfi, su zama amoniya. Sa'an nan a haɗa amoniyar da iskar kabon da ta fita tun a matakin farko, sai yuriya ta samu. Watau buhun yuriya iskar gas ce da iskar sarari aka mayar ƙwaya. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin, gama ko yaushe kuɗin iskar gas ya tashi a duniya, kuɗin yuriya zai bi shi.

Roba kuwa hanyarta dabam ce. A kan fasa wani sashe na iskar da zafi, a sami 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, sa'an nan a sarƙa su dubu bisa dubu kamar yadda a ke shirya 'ya'yan tasbaha a zare. Abin da ke fitowa daga injin tsaba ce fara kamar shinkafa. Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasar nan. Na ɗaya sunansa foliyetilin, da shi a ke yin leda da jarka da tankin ruwa. Na biyu folifirofilin, da shi a ke yin kujera da bokiti da tabarmar roba da buhun saƙa, wanda ya kori buhun algarara daga kasuwa.

MANYAN MASANA'ANTU

Gwamnati ce ta fara wannan sana'a, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. An buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna a 1980. A 1988 aka ƙara wa ko wace sashen yin sinadarai: na Kaduna domin sinadarin sabulun gari, na Warri domin tsabar roba da baƙin garin taya. A garin Onne kusa da Fatakwal aka gina babbar ma'aikatar taki mai suna NAFCON, ta fara aiki a 1987, ta tsaya a 1999 sabo da rashin gyara da rashin kyakkyawan riƙo. A Eleme, nan kusa da ita, kamfanin mai na ƙasa ya gina ma'aikatar tsabar roba, ita ma ba ta taɓa yin aikin da aka gina ta dominsa ba a hannun Gwamnati. Sassan Kaduna da Warri kuwa sun bi sawun matatunsu, suka shafe shekaru a kwance.

Da abin ya gagara sai aka shiga sayarwa. A 2005 kamfanin Notore ya sayi ma'aikatar Onne. A 2006 kamfanin Indorama, mai asali daga Indunusiya, ya sayi kaso mafi yawa na ma'aikatar Eleme, ya gyara ta, ta shiga fid da tsabar roba sosai. Daga baya ya gina ma'aikatar yuriya a gefenta, wadda ta fara aiki a 2016 da ƙarfin tan miliyan 1.4 a shekara, ya kuma ƙara ta biyu mai irin wannan girma a 2021. Sa'an nan a watan Maris na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ma'aikatar takin Alhaji Aliko Dangote a Lekki ta jihar Ikko, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Matatarsa da ke kusa da ita, wadda aka yi bikin buɗewa a watan Mayu na 2023, ta fara fid da folifirofilin a 2025.

A lura da abu biyu a nan. Na farko, waɗannan manya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukansu a bakin teku su ke, inda iskar gas ta ke, inda kuma jirgin ruwa ke tsayawa. Na biyu, yuriyar da su ke iya yi ta fi wadda manoman Nijeriya ke saye nesa ba kusa ba, sabo da haka su kan loda mai yawa a jirgi zuwa Barazil da Amurka da Indiya. Manomin Wurno zai ce, to, in har muna da rarar da za mu sayar wa Barazil, me ya sa nawa ya yi tsada? Amsa ita ce, mai ma'aikata da dala a ke lissafa masa kuɗin iskar gas, da dala ya sayo injuna, da dala kuma Barazil za ta biya shi. Ba zai sayar a gida da rangwame mai yawa ba alhali jirgi na jiransa a bakin ruwa. Shi ya sa da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, kuɗin taki ya yi tsalle ko da ya ke ba a canja kome a cikin buhun ba. Ba wai na ce wannan daidai ne ba. Na faɗi yadda abin ya ke ne, domin Hakimi ya san ba dillalin garinsa kaɗai ke da alhakin tsadar ba.

MATSAKAITA

Ƙarƙashin manyan nan akwai matsakaitan masana'antu masu yawa, waɗanda ba su yin sinadari da kansu, sai dai su saya daga manya su sarrafa. Su ne suka fi kusa da mu, kuma kashi biyu ne.

Kashi na farko masu narka tsabar roba su zuba a cikin ƙira. Cibiyarsu a Arewa Kano ce, a unguwannin Sharaɗa da Bompai da Challawa. Yawancin buta da bokiti da silifa da tabarmar roba da za a gani a Babbar Kasuwar Sakkwato, ko a kasuwar Illela suna jiran ƙetarawa Birnin Ƙonni, daga can su ke. A Sakkwato kanta masu yin ruwan leda su ne manyan masu sayen leda. Talaka ya sami sauƙi da waɗannan kaya, ba shakka, gama bokitin roba ba ya fashewa kamar tulu, bai kuma kai na ƙarfe tsada ba. Amma duk Hakimin da ke da magina tukwane ko masaƙa kaba ko dukawa a ƙasarsa ya san wanda ya biya kuɗin wannan sauƙi.

Kashi na biyu su ne masu haɗa taki, watau masu yin wanda manoma ke kira kamfa. A nan zan daɗe kaɗan, domin nan ne malamai za su fi amfana. Shuka na neman manyan abinci uku: naitirojin domin ganye, fosfet domin saiwa da ƙwaya, fotash domin ƙarfin kara da jure ciwo. Lambobi ukun da a ke bugawa a jikin buhu, kamar 20-10-10 ko 15-15-15, su ne ke faɗin kashi nawa cikin ɗari na ko wane ke ciki, bi da bi. Buhu mai kilo 50 na 20-10-10 yana ɗauke da kilo 10 na naitirojin, da kilo 5 na fosfet, da kilo 5 na fotash. Buhun yuriya kuwa lambarsa 46-0-0, watau kilo 23 na naitirojin, babu fosfet, babu fotash. Sufa, wanda kakanninmu suka fara sani tun zamanin da a ke talla tasa domin gyaɗa a shekarun 1950, fosfet ne ba tare da sauran biyun ba. Malamin da ya iya wannan ɗan lissafi zai iya gaya wa manomi wane buhu ne ya fi araha a gaskiya, domin abin da a ke saye abincin da ke ciki ne, ba nauyin buhu ba.

Mai haɗa taki ba ya dafa kome. Yana da rumbu, da ma'auni, da babban injin gauraya. Domin ya yi buhu ɗaya na 20-10-10 ya kan auna kimanin kilo 18 na yuriya, da kilo 10 da rabi na takin fosfet da a ke kira DAP, da kilo 8 na fotash, ya cike sauran da tsakuwar farar ƙasa. Yuriya da farar ƙasa a gida a ke samunsu. DAP daga Maroko ya ke zuwa, fotash kuwa daga ƙasashe irin su Rasha da Kanada. Da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren a 2022, fotash ɗin da Nijeriya ke jira daga Rasha ya makale, sai da aka nemo na gaggawa daga Kanada. Ta haka yaƙin da a ke yi a Turai ya taɓa mai albasa a Gada da mai shinkafa a fadamar Kwalkwalawa.

INA SAKKWATO A CIKIN WANNAN?

Babu babbar ma'aikatar sinadaran mai a ƙasar Sakkwato, kuma ya kamata a faɗi dalili a fili. Ba mu da iskar gas da a ke haƙowa. Bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta, mai tsawon kilomita 614, ta Kaduna ya bi, a Kano kuma aka tsara ƙarshensa. Hanyar jirgin ƙasa ta tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, ba ta ƙaraso ba. Sabo da haka ko wane buhu da ya zo mana a bayan babbar mota ya zo, tafiyar kilomita dubu ko fiye daga bakin teku, yana shan man dizal da kuɗin shinge. An ƙaddamar da aikin babbar hanya daga Illela zuwa Badagry a 2024, in Allah ya sa ta ƙare za ta rage wani abu daga wannan wahala.

Amma Allah bai bar mu hannu wofi ba. A ƙarƙashin ƙasar Sarkin Bauran Dange, da ta Ardon Shuni, da wajen Wurno da Gada, akwai dutsen fosfet, 'yan dunƙule-dunƙule a cikin laka, waɗanda suka taru tun zamanin da teku ta rufe wannan yanki. Malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna gwada shi a gonakin gwaji. Ɗanyensa ba ya narkewa da sauri, ya fi aiki a ƙasa mai tsami, in kuwa a na so ya yi aiki nan da nan sai an sarrafa shi da ruwan asid. Abin takaici, ma'aikatar sufa da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a Kaduna a 1976 daga ƙasar Togo ta riƙa sayo dutsenta. Muna kuma da farar ƙasa a Kalambaina, wadda kamfanin siminti da aka kafa a 1962 ya fara ci tun 1967, yanzu kuwa yana hannun BUA. A Kalambaina ɗin ne kamfanin OCP na Maroko ya zaɓa domin ɗaya daga cikin wuraren haɗa taki guda uku da ya shirya a Nijeriya, sauran biyun a Kaduna da Ogun. A ganina nan ne rabonmu ya ke a wannan sana'a, watau haɗa taki daidai da ƙasarmu, da sarrafa dutsenmu. Jigawar Gwadabawa da fadamar Rima ba abinci ɗaya su ke nema ba, mai haɗa taki a kusa shi zai iya bambanta su, na Ikko ba ruwansa. Hakiman da dutsen ke ƙasarsu su sani duk ranar da masu haƙa suka zo da gaske, maganar gonaki da diyya da ramukan da za a bari a baya za ta biyo ta zaurensu, gara a fara tunaninta tun yanzu.

ƘUNGIYOYINSU

Masu masana'antu ba su zuwa gaban Gwamnati ɗaya ɗaya. Babbar ƙungiyarsu ita ce Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, wadda a ke taƙaita sunanta MAN, an kafa ta a 1971, hedkwatarta a Ikeja. An raba ta sassa bisa ga sana'a, akwai sashen masu sinadarai da magunguna, akwai na masu roba da soso, tana kuma da rassa a Kano. Aikinta shi ne ta yi magana a kan kuɗin fito, da wutar lantarki, da haraji, da samun kuɗin waje. Ga misalin ƙarfinta. A farkon 2023 Gwamnatin Tarayya ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan robar da a ke amfani da ita sau ɗaya a yar. MAN ta yi kuka, ta ce ma'aikatu za su rufe, a watan Yuli na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da harajin. Kada kuma a zaci bakinsu ɗaya ne kullum. Mai yin tsabar roba yana so a tsananta kuɗin fito a kan tsabar waje domin tasa ta yi kasuwa, mai narka ta a Sharaɗa yana so a sassauta domin ya sami araha, alhali suna zaune a inuwa guda.

Wadda ta fi shafarmu ita ce ƙungiyar masu yin taki da masu kawo shi, FEPSAN. A watan Disamba na 2016, sa'ad da Sarkin Maroko Muhammadu na shida ya ziyarci Abuja, wannan ƙungiya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin OCP. Daga nan aka fara shirin taki na Shugaban Ƙasa: hukumar ajiyar dukiyar ƙasa ta sayo kayan haɗi da yawa a kan rangwame, ta ba masu haɗawa, aka yanka wa buhun 20-10-10 kuɗi Naira 5,500 a 2017. Wuraren haɗa taki da ke aiki, waɗanda da 'yan ƙalilan ne, suka haura 70 a cikin 2022. A watan Disamba na 2018 Babban Banki ya sa taki cikin kayan da ba za a ba da kuɗin waje domin shigo da su ba, abin da ya yi wa masu haɗawa a gida daɗi ƙwarai. An ɗage wannan hani a watan Oktoba na 2023. Farashin 5,500 kuwa ya daɗe da zama labari.

A nan gida akwai Majalisar 'Yan Kasuwa da Masana'antu da Ma'adinai da Noma ta Sakkwato, wadda ke ƙarƙashin uwar majalisa ta ƙasa, NACCIMA. Dillalan kayan gona ma suna da tasu ƙungiya.

Waɗannan ƙungiyoyi suna da amfani, kada a raina su. Su ne ke iya gane buhun da aka buga wa sunan ƙarya, su kan kuma so a kama mai yi, domin sunan ɗan ƙungiyarsu a ke ɓatawa. Amma fa a tuna ko wace ƙungiya bakin waɗanda ke biyan kuɗinta ce. Ba hukuma ba ce, ba ta da ikon ba Hakimi umurni, kuma in ta ce abu kaza zai amfani manomi, mai yiwuwa gaskiya ne, sai dai ba manomi ne ya aiko ta ba. Manoma suna da nasu ƙungiyoyi, kamar AFAN ta manoma duka da RIFAN ta masu shinkafa, amma ba su kai na masu masana'antu kuɗi da lauyoyi da shiga ofis ba. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a ko wace hekta kafin 2015, shekarar ta zo ta wuce ba a kai ba. Tun da ya ke haka ne, rahoton da Hakimi ke aikawa sama yana cikin 'yan hanyoyin da muryar ƙaramin manomi ke bi ta isa inda a ke yanke shawara.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HAKIMI DA MALAMINSA

A shekarar 2019 aka sa hannu a kan dokar kula da ingancin taki ta ƙasa. Ta wajabta wa mai yi da mai haɗawa da mai sayarwa su yi rajista su karɓi izini, ta wajabta a rubuta a jikin buhu abin da ke ciki da nauyinsa da sunan mai yi, ta kuma sa hukuncin ɗauri ko tara ga mai gauraya taki da abin da ba shi ba, da mai rage nauyi. Ma'aikatar Gona ta Tarayya ke riƙe da ita, tare da ma'aikatun gona na jihohi. Doka dai ba ta da ƙafa, sai an kai mata labari.

In talaka ya kawo ƙarar taki, malam ya rubuta ranar da aka saya, da wurin, da sunan da ke jikin buhu, da lambobin nan uku, da lambar rukuni in akwai. A auna buhun a kan sikeli a gaban shaidu, gama rage kilo biyu ko uku daga ko wane buhu ita ce satar da ta fi yawa, ita ce kuma ta fi sauƙin kamawa. A duba ɗinkin baki, ko na inji ne ko an sake shi da hannu. A ɗebi kamar gwangwani biyu a ɗaure a leda mai kyau, a ajiye buhun kansa, a aika wa malamin gona na Ƙaramar Hukuma da takarda. Kada a bar jama'a su far wa dillali kafin a bincika, sau da yawa shi ma sayar masa aka yi.

Akwai gwaji mai sauƙi ga yuriya. In an zuba cokali biyu a kofin ruwa aka motsa, za ta narke duka, ruwan kuma ya yi sanyi a hannu. In wani abu ya kwanta a ƙasa, to, an yi mata gauraye. Amma kada a yi wannan gwaji ga kamfa, domin farar ƙasar da ke cikinsa ba ta narkewa, sai a zargi mutum a kan abin da ba laifi ba. Haka kuma ganin ƙwayoyi kala kala a buhun kamfa, fari da ja da toka-toka, ba alamar algus ba ne, haka haɗin ya ke. Sai dai girgizar mota ta kan sa ƙananan ƙwayoyi su gangara gindin buhu, ya kamata a juye a cuɗa kafin a kai gona. Yuriya kuma in an watsa ta a kan busasshiyar ƙasa aka bar ta a rana, amfaninta ya kan tashi ya bi iska, sai a tona a rufe ta lokacin da ƙasa ke da danshi. Ƙararraki da yawa na cewa taki ba shi da ƙarfi daga nan su ke fitowa. In an kawo kason Gwamnati a ajiye shi bisa katako, nesa da bango, gama yana shan laima ya dunƙule. Malam ya rubuta sunan ko wane mai karɓa da ƙauyensa da yawan buhunansa, a karanta a bainar jama'a. Hakiman bakin iyaka sun fi kowa sanin inda takin rangwame ke bi in ba a yi haka ba.

Saura maganar leda. Mahautan Sakkwato sun saba fid da dunƙulen leda daga tumbin shanu da tumaki da awaki, likitocin dabbobi na Jami'a ma sun yi bincike a kai. Dabbar da ta ci leda ta kan rame a hankali tana cin abinci ba ya yi mata amfani, mai ita ya yi ta sayen magani a banza. Ga ƙasar da ke alfahari da jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har Turai, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Ledar ce kuma ke toshe magudanai da damina. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, jihar Ikko ta hana kwanon soso na abinci a 2024, amma wanda ya je Birnin Ƙonni ya ga doka kaɗai ba ta share kasuwa. Abin da Hakimi ke iyawa ba tare da jiran kowa ba shi ne ya sa Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa su keɓe wurin tara leda, a kewaye jujin da ke kusa da burtali da makiyaya, a kuma ba masu sayen tsohuwar roba wuri a gefen kasuwa, tun da ya ke ma'aikatun Kano suna sayenta a kan kilo su niƙa su sake narkawa.